Simintin da na shafa wa soron kakana

Soron kakana a Bungudu ginin tubali ne, rufinsa ɗaurin guga. Bakuna huɗu ne suka taso daga bango suka haɗu a sama, inda aka manna farantin tangaran. Ina ƙarami nakan kwanta a tabarma da hantsi in zuba wa farantin ido, har in ji kamar ɗakin yana lilo da ni a hankali. Wataƙila zazzaɓi ne, don na sha yin sa a lokacin.

Duk bazara wani tsohon magini yakan zo daga Tsafe ya yi wa soron yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasa da shi. Da na gama jami'a na sami aiki a Gusau, sai fargaba ta kama ni. Hannun tsohon ya fara rawa, kuma ban san wani da ya koyi sana'ar a wurinsa ba. Na yi ta juya abin, na tambayi mutum uku ko huɗu, daga ƙarshe na sa aka shafe bangon waje da siminti. A ganina na ceci soron ke nan.

Da maginin ya zo, sai ya ƙwanƙwasa bangon, ya kara kunne.

"Ɗan boko, ka sa ma tsoho rigar leda cikin zafi. Ta ina za ya yi zufa?"

Na ce, "Baba, ai wai ya fi ƙarko."

Ya ce, "Wai!" Ya yi dariya ya koma gida.

Damina biyu aka yi. Ruwa ya sami tsaga kusa da indararo ya shige, ya rasa mafita. Wata safiya Inna, da ke zaune a gidan, ta kira ni a waya, ta ce simintin gabas ya ɓanɓaro gaba ɗaya, ƙasar bayansa ta koma kamar kunu, baka ɗaya kuma ta tsage.

Na tafi Tsafe cike da kunya. Maginin ya ce hannunsa ba zai iya ba, amma bakinsa lafiya lau. Haka na ɗauko shi zuwa Bungudu, ya zauna a inuwa yana yi mini tsawa, ni kuma na naɗe wando ina taka ƙasa da ciyawa, warin makuba yana hawa mini kai.

Har yau azara biyu ke tokare da bakar nan. Tsohon ya ce sai damina mai zuwa ta wuce za a san ko ta tsira. Duk Asabar nakan je in dafa bangon. Ina jin yana bushewa, sai dai ban cika yarda da tafin hannuna ba.