Iskar Masussukar Inno

Ikilima Haladu ba ta taɓa hawa jirgin sama ba, amma fiffikensa ya cinye mata shekara biyu cur. 'Yar makiyaya ce daga wani ƙauye a Gwiwa. Ta karanta injiniya, ta samu koyarwa a Kazaure, sannan ta shiga digiri na biyu a Kano. Aikinta shi ne ta zana fiffike a kwamfuta, ta hura masa iska ta lissafi, ta gano lokacin da iskar ke sakin bayansa ta hargitse, jirgi ya rasa abin da ke ɗaga shi.

Matsalar ɗaya ce, kuma ta isa. A ɗakin gwaji akwai ƙaramin fiffike na gaske da fanka ke hura wa iska. Shi ko an karkata shi sosai iska na manne da shi, nata na kwamfuta kuwa da an ɗan karkata sai iskar ta sake shi. Malaminta ya ce in alƙalumanta ba su dace da na gwaji ba, sai dai ta maimaita shekara. Saura mako uku.

Ta je gida ranta a jagule, ta tarar da Inno, mahaifiyarta, a masussuka tana sheƙar gero. Ikilima ta karɓi ƙwarya ta zuba, ƙaiƙayi ya dawo mata fuska.

"Ke, boko ya lalata miki hannu ne?" in ji Inno.

"Inno, ai iskar ce ba ta zuwa a miƙe."

"Wa ya ce miki iska na zuwa a miƙe? Kafin ta iso nan ta ratsa karan dawa, ta bugi rumbu, ta murɗe. Da murɗin nata ake aiki."

Nan take Ikilima ta gano kuskurenta. Shekara biyu tana ba fiffikenta iska sumul, alhali fankar ɗakin gwaji tun daga baki take hargitsa tata!

Ta koma Kano, ta auna hargitsin iskar fankar, ta saka shi cikin lissafin. Kwamfuta ta yi kwana biyu tana fama, sai ga alƙalumanta sun hau kan na gwaji daram. Murna ta sa ta kuka.

Ranar kare aikinta a gaban malamai, wani farfesa ya tambaye ta a wane littafi ta samo gyaran.

"Ranka ya daɗe, a masussukar mahaifiyata."

Da ta kai wa Inno labarin ta ci, tsohuwar ta rangaɗa guɗa har shanu suka ɗago kai, sannan ta miƙa mata ƙwarya. Wannan karon ƙaiƙayin gefe ya yi.