Kai Hamdiya Yaye Salaga, Ina Bin Netwok Gari Gari

Asabar, tashi daga Kumasi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka fito daga gida a Zango, Hamdiya a bayana, Babanta riƙe da jaka. Shekararta ɗaya da wata tara, lokacin yaye ya yi, kuma a gidanmu wurin kaka ake kai yaro. Mma, mahaifiyata, tana Salaga, wata guda za ta riƙe ta. Tunda na haifi yarinyar nan ban taɓa kwana ba ta gefena ba. Na ce wa Baban Hamdiya ba zan iya baro ta ba sai in zan riƙa ganin fuskarta a waya kullum.

Ya ce a Suame, inda yake gyaran mota, direbobi suna faɗin netwok mai gudu yana hawa arewa gari bayan gari. Na ce faɗin direbobi bai ishe ni ba. Sai ya ba ni tsohuwar wayarsa in kai wa Mma, ya nuna mini saman gilashin: in na ga 4G hoto zai zo sarai, in H ne zai riƙa tsayawa, in E ne murya ma da ƙyar. Muka shirya duk inda mota ta tsaya in kira shi a bidiyo mu gwada. Matan gidanmu masu 'yan uwa a hanyar sun ce in rubuto musu abin da na gani, to ga shi.

Mampong da Ejura

Motar Yeji, garin da ake ƙetare ruwa a nufi Salaga, ta cika shida saura kwata. Kusa da ni wata Ba'asantiya ce mai sarin kifi, Maame Adwoa, tana jin Hausar kasuwa. Har Mampong 4G bai motsa ba, sai a hawan dutsen nan mai lanƙwasa ya ɓace na ɗan lokaci. Ina ta leƙa waya, sai ta taɓa ni ta ce, "Yaro naka yana barci, kai kana gadin waya. Wanne ka haifa?" Na yi dariya, na faɗa mata dalili. Ta ce nata biyar ta yaye, ba wanda ta kalla a gilashi, kuma duk suna nan suna cin ta da rai.

Tara daidai muka shiga Ejura, direba ya ce mun ci kusan kilomita ɗari. Na sayi koko da ƙosai, na kira Baban Hamdiya. Na gan shi tas, har baƙin man da ke goshinsa.

Amantin, Atebubu, Prang

Bayan Ejura akwai bariya, ɗan sanda ya leƙo ya duba mu ya ce mu wuce. Daga nan wayar ta koma E, ta zauna a kai. Gonakin masara da doya dama da hagu, ni ko hankalina yana saman gilashi. Kusa da Amantin na ga dogon ƙarfen netwok ɗin nan ja da fari, mutum biyu a samansa da igiya a ƙugu, suna ɗaura wasu fararen akwatuna. Na tambayi direba ko shi ne. Ya ce shi ne, amma ɗaurawa daban kunnawa daban, na Atebubu ma ya daɗe a ɗaure kafin ya fara aiki.

Atebubu sha ɗaya. Cikin tasha 4G, kana fita gari ya koma H. Prang kuwa E ne, na kira bai ma shiga ba.

Yeji

Ɗaya da rabi muka sauka, warin kifi ya tare mu tun daga bakin gari. Babban jirgin fito ya riga ya tashi, sai gobe. Masu ƙananan jirage na inji suna ta kira, na dubi faɗin ruwan, na dubi Hamdiya, na ce a'a. Maame Adwoa ta kai ni gidan da take sauka, wurin wata Hajiya mai bandar kifi. Aka ba mu tabarma da gidan sauro, muka ci tuwo da miyar ayoyo da kifin da ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Netwok na Yeji mai ƙarfi ne, har bakin ruwa.

Lahadi, ƙetare ruwa

Jirgi ya tashi tara da 'yan mintoci, da motocin doya da babura da mu duka. Na ƙara ɗaure goyo da gyale na biyu. Har tsakiyar ruwa 4G na Yeji yana bin mu, sannan ya sake mu. Makango, inda muka sauka a ƙetare, E. Daga nan zuwa Salaga an ce kilomita talatin da wani abu, amma awa ɗaya da rabi muka yi saboda ramuka, kuma duk tsawon hanyar E ɗin nan bai canja ba. Na fara lissafa yadda zan ce wa Mma na fasa.

Muna hango rufin gidajen Salaga wayar ta hau rawa a hannuna, saƙonni suna ta shigowa. Na duba, 4G.

Gidan Mma

Bayan gaisuwa da ruwa na zaga gidan da waya. Cikin ɗaki H ne, amma tsakar gida, wajen randa, 4G cikakke. Na kira Baban Hamdiya na miƙa wa Mma. Da ta ga surukinta a gilashi sai ta yi maza ta ja mayafi ta rufe kai, ta juya gefe tana amsa gaisuwa.

Cikin murna na zayyana mata shirina: safe da yamma zan kira, Hamdiya ta gan ni, in yi mata wasa. Mma tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Rabi, yaye kika kawo ko yawo?"

Na ce yaye.

"To me ya sa ake kai yaro nesa? Don ba ɗaki a Kumasi? In tana ganin fuskarki safe da yamma, bayan wayar za ta riƙa leƙawa tana neman nono. Ni zan kwana ina jijjiga, ke ki kwana kina kuka."

Wallahi duk kwana biyun nan ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ce in haka ne zan koma da ita. Mma ta ce mota tana tasha, ta ci gaba da tsintarta.

Fati ce ta raba mu, matar yayana, tela ce. Ta ɗauki wayar ta nuna mana za a iya juya idon wayar zuwa baya a kashe murya. Ita za ta riƙe kamar tana duba abinta, ni in ga yarinya, yarinya ba ta gan ni ba. Mma ta yarda, amma da sharaɗi: sau ɗaya a rana, bayan la'asar, ba magana, kuma in na ga tana kuka kar in sake kira. In an yi kwana goma a duba.

Litinin, komawa

Da asuba na ba ta nono na ƙarshe. Shida Mma ta goya ta zuwa maƙwabta kallon awaki, Fati ta rako ni tasha ta ƙofar baya. Ba sallama, haka ake yi.

Jirgi ya bar Makango goma, motar Kumasi ta bar Yeji ɗaya. Mun wuce Atebubu uku da rabi, la'asar ta same ni a inda na san E ne. Kiran Fati ya shigo sau biyu yana yankewa. A Amantin na ɗaga waya ta taga wajen dogon ƙarfen, ba a kunna ba tukuna. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, rigata ta jiƙe, na rufe da mayafi.

Biyar da rabi, muna tsayawa Ejura, na kira. Ga ta a cinyar Mma wajen randa, idonta a kumbure, amma hannunta biyu riƙe da ludayi tana shan koko. Na san murya a kashe take, duk da haka na toshe bakina har Fati ta katse.

Takwas na isa gida lafiya. Masu 'yan uwa a Ejura, Atebubu, Yeji da Salaga, ku kira, za ku ga juna. Na Amantin da Prang da Makango ku ƙara haƙuri.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Maame Adwoa da Hajiyar Yeji, da Fati da take ajiye ɗinkinta kullum saboda ni. Mma kuwa Allah ya saka mata. Yau kwana shida. Jiya Hamdiya ta tako har gaban wayar ta zuba mini ido, na zata ta gan ni, sai ta miƙa hannu ta ja tef ɗin awo daga wuyan Fati ta gudu da shi tana dariya.