Baba Shekwolo, Mai Waldar Kwantena

Da ƙarfe shida da rabi na safe Baba Gabriel Shekwolo yake turo kekensa daga gida zuwa rumfarsa ta walda da ke bayan layin dogo a Sabon Gari. Ba ya hawa sai ya wuce masallacin unguwa, don kada gaisuwa ta wuce shi. Idan ya isa, yakan share wurin da kansa, ya jera guduma da kurfi da zarto a kan buhu, ya yi gajeriyar addu'a, sannan ya aika a kawo masa koko. Haka yake yi shekara goma sha biyar ke nan, tun da ya bar aikin reluwe a 1979.

Mutanen Minna sun san shi da aiki ɗaya. Lokacin da gari ya zama hedkwatar jiha, jama'a suka yi ta kwararowa, shaguna suka yi kaɗan. Sai tireloli suka fara sauke tsofaffin kwantena daga Ikko, manyan akwatunan ƙarfen nan da ake zuba kaya a jirgin ruwa. Wani ya saya ya yi shago, wani ya yi sito, wani ofis. Baba ne ke yanka musu ƙofa da taga. Amma kafin yanka, shi ne ke raka mai saye ya duba abin da zai saya, kuma a nan ne ni da 'yan gidanmu muka san ko shi wane ne.

Mahaifiyata, Inna Azumi, hatsi take sayarwa. Takan saro masara da dawa daga Gwada, da su ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. A daminar 1985 ruwa ya rushe ɗakin ajiyarta, ɓeraye suka gama da abin da ya rage. Ta haɗa duk abin da take da shi ta ce kwantena za ta saya. Wani dillali mai suna Mamudu ya nuna mata wata, shuɗiya, fenti sai sheƙi. Ta dawo gida tana murna. Maƙwabta suka ce, ko don sauke nauyi, ta kai Baba Shekwolo ya gani. Na bi su.

Baba bai ko kalli fentin ba. Ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango da 'yar gudumarsa, yana kasa kunne. Ya shiga ciki ya ce a rufe shi. Inna ta ce, "A rufe ka kuma, Baba?" Ya ce, "A cikin duhu ake ganin huda. Duk inda haske ya shigo, nan ruwa zai shigo." Da aka buɗe, sai muka same shi a durƙushe, hancinsa a kan katakon ƙasa. Ya miƙe yana kaɗa kai.

"Mama, wannan ba ta abinci ba ce. Maganin ƙwari aka ɗauko a ciki, katakon ya sha ya ƙoshi."

Mamudu ya yi tsalle. "Haba Baba! An wanke ta da sabulu har sau biyu. Kai dai a yi ciniki, kowa ya samu alheri."

"Ko sau goma aka wanke. Ni ba zan sa hannuna ba. Hatsin nan yara ne za su ci."

Inna ta ji haushi ƙwarai. Kaka ta matso, ba ta da wurin zuba kaya, ga wani tsoho ya ɓata mata ciniki da hanci. Mako biyu idan ta hango shi sai ta sauya hanya.  Ashe shi kuwa yana ta yawo a kekensa daga wannan fili zuwa wancan. Wata Laraba ya yi sallama a ƙofar gidanmu ya ce ya samo. Da muka je, Inna ta kusa yin kuka: ja ce, ta koɗe, gefe ɗaya a lotse. Baba ya ce, "Muni ne da ita, amma atamfa ta ɗauko. Shiga ki shaƙa." Ya ɗora ta a kan duwatsu don kada ƙasa ta ci gindinta, ya huda mata hanyoyin iska ya rufe su da raga, ya yi mata rumfar kwano a sama saboda zafi. Shuɗiyar kuwa wani mai kiwon kaji ne ya saya ya zuba dusa. Kafin wata biyu kajinsa suka ƙare. Ranar da labari ya iso mana, Inna ta zauna ta daɗe tana kallonmu muna cin tuwo. Washegari ta dafa zabi biyu ta kai wa Baba da kanta.

Baba, kai ne ka yarda a yi fushi da kai don kada a yi makoki. Ka ji baƙar magana daga dillali, ka ga sauyin fuska daga wadda kake karewa, ba ka tanƙwara ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a bazarar 1989, kuma rabin Sabon Gari shaida ne.

Wasu 'yan'uwa biyu, Kudu da ƙanensa Nma, suna sayar da katifu a wata kwantena da Baba ya gyara musu. Saboda ɓarayi, sun sa ya yi wa kwaɗon ƙofarsu wani akwatin ƙarfe mai kauri, yadda zarto ba zai kai gare shi ba. Ran nan da hantsi Nma ya shige can ƙurya yana gyara jerin katifu. Kudu ya leƙa bai ga kowa ba, ya ɗauka ƙanen ya tafi kasuwa, ya ja ƙofa ya kulle, ya hau mota zuwa Zungeru ɗaurin aure, makulli a aljihunsa. Wannan kwantenar ba ta da taga, ba ta da rumfa. Wanda ya san ranar Minna a watan Maris ya san abin da hakan ke nufi. Sai bayan azahar wata mai sayar da kunu ta ji bugu a hankali daga ciki, ta kwarma ihu.

Da Baba ya iso da gudu, mutane suka yi ta cewa ya kawo wutar walda ya yanke ƙofar. Ya ce, "Katifa ce a ciki. Tartsatsi ɗaya ya isa ya ƙone shi da rai." Ya ɗauki kurfi da guduma ya fasa huda daidai tsayin mutum a zaune, ya zura robar ruwa, ya sa aka yi ta kwara ruwa a kan rufin. Sannan ya kafa baki a hudar.

"Nma! Ni ne Shekwolo. Sha ruwa. Kada ka yi barci, ka ji ko?"

Murya ta fito da ƙyar: "Baba, na mutu."

"Ba ka mutu ba, matacce ba ya gardama. Faɗa mini sunan 'ya'yanka, ɗaya bayan ɗaya."

Haka ya tsaya yana saran akwatin kwaɗon da ya ƙera da hannunsa, yana sara yana tambaya, Nma yana amsawa. Ƙarfen ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Masu ƙarfi suka karɓe shi suka gaji, ya sake karɓa. Fiye da awa ɗaya aka yi. Da ƙofa ta buɗe, aka fito da Nma a sume, aka yi asibiti da shi, ya tashi. Sai a lokacin aka lura tafin hannun Baba ya saɓule, jini na bin ƙotar guduma.

Jama'a na ta yi masa barka, shi kuwa ya zauna a ƙasa yana hawaye. Ya ce, "Ni na yi akwatin nan. Na yi tunanin ɓarawo, ban yi tunanin mai shago ba."

Hannunsa bai gama warkewa ba ya fara zagaye. Duk kwantenar da ya taɓa yi wa aiki, daga Sabon Gari har ƙauyukan hanyar Gwada, sai da ya koma ya huda mata hanyar iska, ya yanka mata 'yar ƙofa mai sakata ta ciki. Babu wanda ya sa shi, kuma bai karɓi ladan aikin ba. Wasu ma korarsa suka yi, wai zai ɓata musu bango. Yakan dawo washegari, ya zauna a bakin shagon har sai mai shi ya gaji ya ce, "To Baba, yi." Shekara guda ya ɗauka kafin ya gama.

Kai ne ka ga kuskurenka ba ka ɓoye shi ba, ka bi shi gida-gida kana gyarawa. Manya da yawa sun kasa wannan. Sannu, ƙarfen ƙafa, maganin nisan tafiya.

A ƙarshen watan nan Baba zai rufe rumfarsa. Wutar walda ta cinye masa ido. Na hagu ya tafi, na dama saura inuwa. Na je na same shi a gindin mangwaron gidansa, matarsa Alisabatu tana ɓare masa gyaɗa. Na ce zan rubuta labarinsa a jarida. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan Azumi, me za ka rubuta? Mutum ya yanka ƙarfe?" Can sai ya ce, "To in dole ne, ka faɗa wa masu walda su sa baƙin gilashi. Ni na raina shi, na ce yana rage mini gani. Ga shi yanzu."

Na isar, Baba. Masu walda, kun ji daga bakin wanda ya biya da idonsa. Masu sana'a kuma, kowace iri ce, ku koyi faɗin gaskiya ga mai saye ko da za ta ɓata ciniki, ku koyi komawa kan aikinku idan kun gano aibi.

Mun gode, Baba Shekwolo. 'Ya'yan Azumi sun gode, 'ya'yan Nma sun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka tsufa. Ku kuma mutanen Minna, gidansa ba ɓoyayye ba ne, kowa a Sabon Gari zai nuna muku. Ku je tun yana raye. In kun yi sallama, ku faɗi sunanku da ƙarfi, ku miƙa masa hannu, ku bari ya riƙe iya son ransa.