Likita Ne Ya Ce Ta Dube Shi

A shekarar da aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi, Gombe ta cika da sababbin babura da rediyo, ni kuwa ina ɗauke da cikin fari. Maigidana akawu ne a tashar jirgin ƙasa, muna haya a Bolari. Murna ta fi ƙarfinsa, har ya sayo gadon jariri mai ƙafafu, abin da ba a taɓa gani ba a danginmu. Na ce ya ɓoye shi kafin a yi mana dariya. Ni ma ɗin ba dama, don in na rufe ɗaki sai in yi ta hira da cikina kamar taɓaɓɓiya.

Da ciki ya tsufa, aka zo aka tafi da ni gidanmu a Dawaki goyon ciki, yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Goggo, yayar babanmu, ita ke da iko da ni. Ungozoma ce, rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo. Ta sa an jibge itacen wankan jego, ta tanadi gero da kanwa, kuma kullum da karatun da take yi min: matan gidanmu durƙusawa suke yi su haihu shiru, ko tari ba a ji. Ina cewa to, zuciyata tana tsalle, na ƙosa in ga wannan da ke harbina.

Watan haihuwa na kamawa sai wasu ƙuraje suka feso min a gaba, ƙanana masu ruwa. Suka farfashe, in na tsuguna fitsari kamar an zuba min barkono. Ga zazzaɓi, ga kaluluwa. Da ƙyar na iya buɗe baki na faɗa wa Goggo.

"Zaƙi ne," in ji ta. "Wannan lemon kwalba da mijinki ke aiko miki. Ai na faɗa."

Ta jiƙa min saiwoyi masu ɗaci, na toshe hanci na yi ta sha, ƙuraje ba su san ana yi ba.

Abu ɗaya da maigidana ya kafe a kai shi ne zuwa awo asibiti, kuma ranar awon ta zo a daidai. Akwai wata nas 'yar Tangale, doguwa, mai dariya da ƙarfi. Tun daga bakin ƙofa ta hango yadda nake takawa.

"Ke, wannan tafiya ba ta ciki kaɗai ba ce. Shigo in gani, ba kunya a nan."

Tana dubawa ta daina dariya, ta kira likita, wani Ba'indiye mai furfura. Yana faɗa da Turanci, tana mayar min da Hausa. Ta ce ba zaƙi ba ne, ƙwayar cuta ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi. Tsakanin miji da mata ake ɗaukarta. Za ta warke, ta kwanta a jiki, wata rana ta sake tashi. Babba yana jurewa. Amma da yake yanzu ta fara fito min, gab da haihuwa, in jariri ya biyo ta hanya zai iya kwasa, ta taɓa masa fata ko ido ko ƙwaƙwalwa, wani ma ba ya rayuwa. Shawarar likita a ciro shi ta ciki, kuma da na ji naƙuda in taho, kada in jira faya ta fashe.

Aka kira maigidana. Kansa a ƙasa ya ce tun yana saurayi irin ƙurajen nan suke ɗan fito masa su wuce, ya ɗauka zafi ne. Na harare shi har sai da nas ta ce in rage, mutum zai iya shekaru da ita bai san mece ce ba. Na rage, amma ban daina ba.

A gida aka yi ta. Goggo ta tafa hannu tana salati.

"Yanka? A yanka min 'ya ina raye? Ni da na karɓe ki da hannuna! Me za a ce a unguwa, ta kasa?"

Ban san lokacin da magana ta kuɓuce min ba. Na ce, "Goggo, in ya fito ya rasa ido, naki za ki ba shi?"

Mai cikin fari ko ambaton cikinta ba ta yi a gaban manya, balle ta yi musu a kansa. Innata ta shige ɗaki don kunya. Goggo ta wuni ba ta kalle ni ba, ni kuma na wuni ina kuka, don ina sonta kuma ina tsoron wuƙa. Washegari sai na ga tana ɗaure zannuwana a ƙunshi, ta ajiye a bakin ƙofa.

Da hantsi naƙuda ta taso, wata ranar kasuwa. Goggo da kanta ta fita titi ta tare tasi, tana yi wa direba faɗa ya bi a hankali, tana kuma yi masa faɗa ya yi sauri. Aka sa min wani abu a hanci, na tafi. Da na farka bakina ya bushe, cikina kamar ba nawa ba, sai ga fuskar nas a kaina tana dariyarta.

"Namiji ne! Ga gashi kamar na Bafulatani. Kin ji muryarsa? Duk ɗakin ya hana barci."

Wayyo daɗi! Na so in yi guɗa, ɗinki ya hana ni. Amma Goggo na zaune a gefe, sai na kawar da kai na kalli bango. Haka al'adarmu take: uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ko nono sai an matsa mata. Ina jin motsinsa kusa da ni, wuyana har ciwo yake don son juyawa.

Ranar sallama likita ya zo da sharuɗɗa. Ban da ruwan zafi a kan ɗinki, Goggo ta yi tsaki ta tuna itacenta. Sannan ya ce tiyata ta rage haɗari sosai, amma ba ta kawar da shi duka ba. Na wasu makonni, kullum uwar ta wanke hannu ta tuɓe yaron, ta dube shi tun daga ƙoƙon kai har tafin ƙafa. In ta ga ƙurji, ko ido ya yi ja, ko ya ƙi nono, a kawo shi a guje. Goggo ta ce ai ita za ta duba. Nas ta ce a'a, mai ba da nono ita ke fara gane canji.

Haka na samu ɗana. Kowace safiya ina shimfiɗa shi a cinyata cikin hasken tsakar gida, in bi bayan kunne, in buɗe hammata, in leƙa tsakanin 'yan yatsu. In na ga fata sumul sai in ji kamar in tashi in taka rawa. Ya buɗe ido ya zuba min, ni ma in zuba masa. Matan da ke zuwa barka suna taɓa baki, ban damu ba.

Bayan arba'in muka koma asibiti tare da Goggo. Nas ta juya yaron gaba da baya, ta ce ya tsallake, a daina dubawa. A kunnen Goggo ta faɗa. Na yi hamdala har da hawaye, amma a hanyar gida murnata ta ragu, don na san yanzu sai in koma kallon bango.

Da safe na kasa haƙura, na ɗauke shi na zauna a inda na saba. Sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo, ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Yau na ga ikon Allah. Har yanzu yarinyar nan ba ta koyi kunya ba?"

Goggo na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ƙyale ta," in ji ta. "Likita ne ya ce ta dube shi."