Mazari a Zaure

'Ya'ya biyu Allah ya bar mini cikin bakwai da na haifa, namiji da mace. Namijin shi ne na fari, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. Haka muka taso muka tarar. Uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama hira da shi. Kakarsa ce ta riƙe shi bayan yaye. Da ya fara magana ya ji ƙannena suna ce mini Yaya, shi ma ya ɗauka, har ya yi gemu bai sake ba. In ina son ya gyara darni sai in fuskanci darnin in ce, "Wannan gida dai kamar ba namiji a ciki." Kafin la'asar an gyara. Haka muka zauna da shi shekara da shekaru, kuma ban taɓa jin cewa akwai abin da ya rage tsakaninmu ba.

Gidanmu yana kan hanyar Bici, inda gona ke manne da gona, in ka ɗaga murya a ƙofar gidanka maƙwabci zai amsa daga tasa. Ubansu ya rasu da wuri. Ɗana yana da jakuna biyu. Da rani yakan kai itace da kara birni, ya dawo da taki a mangala ya zuba a gonarmu, shi ya sa geronmu ya fi na kowa duhu a unguwar. Ba mai faɗa ba ne. Ko jakinsa ba ya duka, lallashinsa yake yi, ni kuwa abin yana ba ni haushi.

'Yata an kai ta aure arewa da Bici, tafiyar yini ɗaya daga wajenmu. A shekarar da nake faɗa, shuka ta fito ta kai idon sawu, mahara suka faɗo wa ƙauyensu daga arewa da hantsi, mutane duk suna gona. Wata tsohuwa da ta ɓuya a rumbu ita ta kawo mana labari. An kashe mijin 'yata a bakin kunyar gonarsa, fartanya a hannunsa. Ita kuwa an ɗaure ta cikin jerin mata, da goyonta a baya, an yi arewa da su.

Ban yi kuka ba. Mata suka cika gidan suna jira in yi, ban yi ba. Wuta ce kawai a ƙirjina.

Bayan 'yan kwanaki jakada ya zo daga birni, sankira ya zaga yana buga kuge, aka yi yekuwa cewa za a fita yaƙi. Kowane gari ya ba da maza, ya ba da dammunan gero, ya ba da jakuna da masu kora su. Maza suka taru gindin tsamiyar masallaci, mu mata muka laɓe bayan darni muna ji. Kusan kowa yana so a tafi. Liman ne kaɗai, wani tsoho mai rawar murya, ya ce a dakata.

Ya ce, "Waɗanda suka kawo mana hari 'yan doki ne, ba za ku same su ba. Waɗanda za ku tarar manoma ne irinku, suna salla kamar yadda kuke yi. Me za ku ce wa Allah a kansu?"

Wani mai ƙaton baki ya ce, "To Malam, sai mu zauna kana tofa mana addu'a har su zo su ɗauke matarka?"

Liman ya ce, "Tawa ta tsufa, ko sun ɗauka za su dawo da ita."

Aka yi dariya, maganar tasa ta bi dariyar. Ni a bayan darni na ce a raina, ai ba taka aka ɗaure ba, tsoho.

Dagaci ya ce ɗana ya zauna, tunda shi kaɗai ne namiji a gida, a karɓi jaki ɗaya kawai. Ɗana ya yarda. Da yamma ya tsaya tsakar gida yana yi wa matarsa magana da ƙarfi, ni kuma na san ba ita yake gaya wa ba. Ya ce ya san wani madugun fataken kanwa a birni, da kaka za su yi arewa, kuma ta hannun irinsu ake fansar mutane tun kaka da kakanni. Ya ce in ya kama ya sayar da jakunan duka biyu zai sayar. Ya ce amma in rundunar ta tunkari garin maharan, duk wanda ke riƙe da kamammu zai yi maza ya tura su gaba, can bayan rairayi, inda ba a dawowa.

Na ji shi sarai. Da wata uwa ce, ko da shi ɗa na biyu ne, da na fito na zauna na ce masa, kaka ta yi nisa, ƙanwarka tana da goyo, ba na iya barci. Da ya ba ni amsa, da na ba shi, wataƙila ɗayanmu ya rinjayi ɗaya. Amma ba mu da wannan hanyar, ni da shi. Hanyar da na sani ita na bi.

Washegari ranar gayya ce a gonarmu. Da ya tafi sallar asuba na shiga zaure na ɗauke fartanyarsa daga inda yake rataye ta, na tura ƙarƙashin rumbu. A wurinta na ajiye taskirata, da auduga a ciki, da mazari, har da allin shafa yatsa. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in aka ajiye wa namiji kayan kaɗi. Maza suka taru a zauren da fartanyoyinsu, ina jin hayaniyarsu, sai na ji tsit. Sai wani ya ce, "Kai, ashe ka koyi sana'a ba mu sani ba? A kaɗa mini na riga!" Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba.

Ya shigo da taskirar a hannu biyu, ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ajiye.

Ya ce, "Yaya, an manta kayanki a zaure."

Na fuskanci bango na ce, "Ba mantuwa ba ce."

Ya daɗe a durƙushe. Ina ganin inuwarsa a ƙasa. Sannan ya tashi ya tafi wajen dagaci.

Ni na daka masa gumba da hannuna, na sa barkono da yawa yadda yake so, na ba matarsa ta ba shi. Ranar tafiya mata suka fito bakin burtali suna guɗa, ni na yi tawa daga cikin gida, kuma an ce ta fi ta kowa tashi. Ya zo ƙofar madafa ya ce, "Yaya, na tafi. A yafe mini." Ina tuƙa tuwo. Na ce wa tukunyar, "Allah ya tsare." Ban juya ba.

Gero ya yi ciki, ya fitar da kai, sannan aka ce suna dawowa. Rana tsaka ce. Na fita bakin burtali wannan karon, kunya ko ba kunya. Daga nesa na hango jakinmu, mai farin hanci, ba zan kasa gane shi ba ko cikin ɗari. A kansa akwai mace, ta rufe kai da zane, tsawonta tsawon 'yata. Na saki guɗa. Na yi ta yi, ina gudu, ni da ban taɓa gudu a gaban mutane ba. Mata suka kama mini. Sai da na matso na ga wanda ke riƙe da igiyar ba ɗana ba ne, maƙwabcinmu ne, kuma ya ƙi ɗaga kai. Na ja zanen. Fuskar wata ce, da tsaga irin ta mutanen arewa.

Maƙwabcin ya ce, "Inna, sai haƙuri. Kibiya ce, a hanyar dawowa. Mun binne shi, an yi masa salla."

Na ce, "Ƙanwarsa fa?"

Ya ce, "Ba mu kai garin ba ma. An ce tun da suka ji muna tafe suka tura kamammu gaba. Ƙauyukan hanya muka ci." Ya nuna matar da haɓa. "Jakada ya ce a ba ki wannan, a madadin ɗanki."

Na karɓe ta. Ba zan ɓoye ba. Na karɓe ta na sa ta niƙa da ɗiban ruwa, ban yi mata magana mai daɗi ko ɗaya ba. Matar ɗana tana takaba a ɗaki, ni ina zaune kamar kututture, baƙuwar tana niƙa. A kwana na uku na lura gaban zanenta a jiƙe yake, tana niƙa tana cije leɓe. Nono ne ya cika ya yi tauri. Na haifi bakwai, na binne biyar, na san wannan ciwon. Na dafa ruwa da ganye na kira ta bayan ɗaki, na gasa mata, na matse, na ɗaure mata ƙirji da tsumma. Ba tausayi ba ne, a lokacin. Aiki ne na ga ya kamata a yi.

Ina ɗaurewa na ce, "Ina ɗan?"

Ta ce, "Na kwantar da shi a inuwar gawo ina cirar ciyawa, Inna. Watansa huɗu."

Hausarta irin tamu ce, sai ɗan karkacewar harshe. Na ce, "Wa ya kama ki?"

Ta ce, "'Yan doki. Suka haɗa mu da masu jakuna. Ƙafata ta fashe, mai jakin nan ya sauke kayansa ya ɗauka a ka, ya ɗora ni. Ya ba ni gumba mai yaji. Ya ce yana da ƙanwa kamar ni."

Na ci gaba da ɗauri.

Ta ce, "Mazanmu suka biyo mu da baka, kwana biyu suna bin sawu. Ba su da yawa. A wani kwari suka harbo. Masu jakuna ne a baya." Sannan ta ce, "Mijina yana cikinsu, na ji muryarsa yana kirana. Ban san kibiyar wa ba ce, Inna. Wallahi ban sani ba."

A nan ne na yi kukan. A bayan ɗaki, hannuna a ƙirjin matar da wataƙila mijinta ne ya kashe mini ɗa. Na nemi in tsine wa mutumin, bakina ya ƙi. Me ya yi wanda ban so ɗana ya yi ba? An ɗauke masa mata ya bi sawu da baka. Da ina garinsu, da ni zan fi kowa yi masa guɗa.

Har yau in maza suna gardama a kan yaƙi ina jin su. Ban ce kada a kare gida ba. In mahara suka zo bakin darninka, ka harba, ni ma zan miƙa maka kibiya. Amma a yaƙin da muka yi wa guɗa a shekarar nan, ba wanda ya dawo da ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka kwashe mana. Manya sun sami dawaki da bayi. 'Yan dokin da suka kashe surukina ba wanda ya ga ƙeyarsu. Liman bai taɓa ce mini ai na faɗa ba. Ya zo gaisuwa ya zauna a zaure ya yi addu'a ya tafi, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da kaka na aika aka nemo madugun nan na fataken kanwa. Ya tsaya a zaure, ni ina daga ciki. Na ce ya tafi da matar ya kai ta ƙauyensu, in akwai sauran ƙauyen, jakin kuma ya riƙe ladan hanya. Dangin mijina suka ce na haukace, baiwa sukutum da jaki. Na ce kayana ne. Na kwatanta wa matar kamannin 'yata tun daga kai har ƙafa, da tabon ƙuna a hannun hagu, da yadda take taɓa kunne in tana jin tsoro, na ce ta tambaya duk inda ta ji an ambaci mutanen Kano. Ta durƙusa ta ce, "In Allah ya yarda, Inna." Na ce ta tashi rana tana yi.

Madugun ya dawo da bazara. Ya ce ya sauke ta a bakin ƙauyen, rabinsa toka ne, ta shiga da gudu, shi kuma ayari ba ya jira. Bai san ko ta sami ɗan ba. Game da 'yata ya ce ya tambaya a kasuwa uku, an ce waɗanda aka kama a farkon damina sun daɗe da ƙetare rairayi.

Shekara goma sha ina aikawa a tambayi fatake duk kaka, har madugun ya mutu, waɗanda suka gaje shi ba su san ni ba. Ɗana na san inda zan sa shi a addu'a, cikin matattu, tare da ubansa. 'Yata kuwa in na idar da salla na ɗaga hannu sai in tsaya, ban sani ba ko gafara zan roƙa mata ko sauƙin uwargijiya.