Ƙaguwar Hajiya

Surukata haifaffiyar Jidda ce, a unguwar Ammariyya ta tashi, a nan kuma tsufa da ciwo suka kwantar da ita. Ɗanta, wato mijina, direba ne, rabin sati yana hanya, don haka jinya ta faɗo kaina. In goge gidan mutane a Aziziyya, in dawo in juya tsohuwa, in yi wanki. Na gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa.

Kwana huɗu ta yi ba ta ci komai ba sai shayi. Ran na biyar ta kira ni.

"Ya binti, shurbar ƙaguwa nake marmari, romon nan mai zafi. Irin ta ummi. Amma mai rai za ki sayo."

"To, Hajiya."

Ni ƙaguwa ko a mafarki ba na son ganinta. Amma mara lafiya ya buɗe baki ya ce ga abin da yake so, ai ba a tsayawa gardama. Da asuba na tafi kasuwar kifi ta bakin teku, na zaɓo guda shida suna ta miƙa hannuwa kamar masu neman faɗa.

Sai dai aiki na jirana, girki sai la'asar. Ni kuwa 'yar bakin kogi ce. A garinmu in an kamo tarwaɗa, a baho ake saka ta, a cika ruwa, ta kwana tana wutsil-wutsil. Ban tambayi kowa ba, wa zai koya mini ajiye abin ruwa? Na ɗauko roba, har da karamcina, na juye musu ruwan shanmu na jarka wanda muke saye, na rufe da faranti kada su fito, na kama hanya.

Da na dawo, tun daga ƙofar kicin na ji shiru. Na ɗaga farantin, duk shida sun yi laƙwas, ruwan ya yi ɗumi, ga wani ƙarni. Maƙwabciyata ta leƙo, ta riƙe haɓa.

"Haram alaiki! Abin teku a ruwan daɗi? Tsumma ake jiƙawa a lulluɓe su, a sa a can ƙasa cikin tallaja, wato firij, ba ruwa, ba murfi. Wannan kada ki dafa, sun mutu sun lalace, shi ke nan."

Wallahi sai da na tsaya ina tunanin dafawa a haka. Na ji tsoron Allah, na ƙulle su a leda.

Na tarar da Hajiya ta sa an jingina ta da filo, ta ɗaura sabon kallabi, ta shimfiɗa tawul a cinya. Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta ninke tawul ɗin ta ce, "Ma'alesh, ba komai. Wata rana."

Ban sake samun safiya tawa ba sai Juma'a. Na sayo, na lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, suna motsi har bakin tukunya. Shurba ta yi kyau, ƙamshi har bene. Na kai mata cokali baki. Ta shinshina, ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta kau da kai.

"Allah ya yi miki albarka, ya binti. Marmarin ya wuce."

Na koma kicin na shanye kwanon a tsaye, don ba ni da ƙarfin zubarwa.