Tsohon Kada Da Kwamfutar Baba

Kakarmu Iya Tabawa ba ta taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutar ta kifi ce, mu 'yan cin arziki ne kawai. Banda take yi a bayan gidanmu na Wudil, ba nisa da bakin kogi. Idan masunta suka kawo mata tarwaɗa da yamma sai ta gyara, ta lanƙwasa kowacce ta soke da tsinke, ta jera a kan raga. Bayan sallar isha'i, hayaƙi ya kwanta, garwashi ya yi jawur, sai mu jawo tabarma mu kewaye ta. Tufafinmu kullum ƙaurin kifi suke yi, har a makaranta ana tsokanarmu. Ni dai ban taɓa jin kunya ba, don na san duk mai tsokanar da kifin Iya ake yi musu miya.

A irin wannan lokacin Baba yana ɗakinsa. Malamin lissafi ne, kuma tun kafin a haife ni ya je wani kwas a ƙasar waje ya dawo da 'yar kwamfuta wadda ba ta fi faranti girma ba. Madannai ne kawai a jikinta, sai an haɗa ta da talabijin ake ganin rubutu. Ba ta da inda take ajiye komai. Duk ranar da zai buga tambayoyin jarrabawa sai ya sa kaset a rediyo ya jona mata, kaset ɗin ya yi ta wani tsuwa mai tayar da tsikar jiki, ita kuma tana saurare har ta haddace manhajar rubutu. Da an kashe ta ta manta, gobe a sake. Idan tsuwar ta fara, Iya takan taɓe baki ta ce, "Ga ɗan nan ya soma yi wa aljanarsa karatu."

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta nuna wajen kogi da tsinken hannunta ta ce, "Ga wata can ta fito daga ruwa, wa zai tare ta?" Mu kuma mu haɗa baki, "Mu ne, ta iso mu ji!" Daga nan fa sai haƙuri, don Iya ba ta sauri. Tana tsakiyar magana za ta tsaya ta juya kifi, ta gyara itace, ta kori mage. Yayana Habibu, wanda take kira maigidanta saboda wasan jika da kaka, shi ne ba ya iya jurewa.

"Iya, don Allah ki faɗi ƙarshen mana!"

"Kai maigida, ka kiyaye ni. Cefane ba ka kawo ba, sai gaggawa? Idan ƙarshen kake so, tashi ka kwanta, da safe ƙanwarka Safiya ta ba ka."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta tsohon kada. Wai a wani gari na bakin ruwa kogi ya wayi gari ya ƙafe, kwalekwale suka zauna a kan yashi, shanu suka fara faɗuwa. Dattawa suka ce babu wanda ya san inda ruwa ya shiga sai wani kada da ya girmi garin, yana kwance a cikin busasshen laka, ciyawa har ta tsiro a bayansa. Mai gari ya tura makaɗa suka yi ta dukan ganga a kansa, bai motsa ba. Aka tura masu babbar murya suka yi ta kwarara masa tambaya har muryarsu ta dushe. Sai aka yanke cewa ya mutu, ko kuma ya zama kurman da ba shi da sauran amfani, a kawo igiya a ja shi gefe a haƙa rijiya a wurin.

Sai wata mata mai sayar da gishiri ta ratsa taron ta zauna a gindin kunnensa. Aka ce ta tashi, ta ce ba inda za ta. Mijinta ya zo ya yi lallashi, ya yi faɗa, ta ce ya koma gida ya jira ta. Mai gari da kansa ya aiko cewa idan ba ta tashi ba za a haɗa da ita a ja. A nan Iya takan miƙe wuya, ta canza murya, idonta yana ƙyalli da hasken garwashi:

"Ta ce, ku ja mana! Amma ku sani ba kurma ba ne. Ku ne ba ku iya magana ba. Kun zo masa da ihun bana, shi kuwa kunnensa na tun fil azal ne."

Matar ta tuno irin maganar da kakarta take yi, ta riƙa faɗa masa kalma ɗaya, ta yi shiru, ta ƙara ɗaya. Idan wani ya yi tari a cikin taron sai ta koma farko. Rana ta faɗi ta sake fitowa tana nan, mutane suna wucewa suna cewa ta zare. Can sai kada ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ku ɗauke mini igiyarku." Aka ɗauke. Ya ja jiki da kansa ya matsa, ruwa ya ɓulɓulo daga inda yake kwance. Iya ta karkaɗe zaninta ta ce, "Ta koma ruwa, wanda ya bi ta shi ya jiƙe." Muka watse, Yaya Habibu yana mita wai da tun farko an ja shi da ruwan ya fito ba tare da ɓata lokaci ba.

Shekaru sun tafi. Iya ta rasu, mahaifiyarmu ma ta bi ta, Allah ya jiƙansu. Yaya Habibu ya zama babban ma'aikaci a Kano, ni kuma na yi aure a unguwar Sabon Gari ta nan Wudil, ina koyarwa. Bara ne Baba ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Idonsa yana nan tar, yana bin kowa da kallo, amma baki ya ƙi. Na lura da wani abu da ya riƙa ƙona mini rai: masu zuwa dubiya sun daina yi masa magana, sai su yi maganarsa a gabansa. "Ya ci abinci?" "Yana gane mutane kuwa?" Mutumin da ya koyar da rabinsu lissafi.

Yaya ya kawo masa babbar wayar hannu ta shafawa. Hannun hagun Baba yana rawa, da ya taɓa sai abubuwa su yi ta buɗewa barkatai. Na kawo laftof ɗina, ya dubi madannan nan shafaffu masu kama da juna, ya kawar da kai. Daga nan Yaya ya yanke hukunci. Ya kira ni ya ce ranar Asabar zai zo da mota ya tafi da Baba Kano, a rufe gidan.

Na ce, "Yaya, an tambaye shi?"

"Safiya, a tambaye shi ta yaya? Ki daina wahalar da kanki. Can ga asibiti kusa, ga ɗaki na gyara masa."

"Ba za a fitar da shi daga gidansa kamar buhun gero ba. Sai ya faɗa da kansa."

"Da wane bakin?"

 Ba mugu ba ne Yaya, yana son Baba kamar yadda nake sonsa, gaggawarsa ce dai tun ta yarinta. Washegari ina gyara wa Baba shimfiɗa na ga idonsa ya kafe a saman kwaba. Na sauko da kwalin da ke wurin, na kakkaɓe. Da ya ga tsohuwar kwamfutarsa sai yatsunsa na hagu suka fara motsi a kan bargo. Mai yi masa gashin ƙashi ta taɓa gaya mini cewa sabon abu yana yi wa irinsu wuyar shiga, amma abin da hannu ya daɗe da sabawa da shi yakan zauna.

Mai gyaran rediyo ya duba mini ita ya canza wani abu da ya ƙone, na jona ta da tsohon talabijin ɗin ɗakin, ta kawo haske. Sai dai kan nata fayau yake. Duk abin da Baba ya danna sai ta ce kuskure ne, don babu manhajar rubutu a cikinta, kaset ɗin kuwa zarensa ya manne ya tsinke tuntuni. Na ga hawaye ya taru a idonsa. A daren na shiga intanet na yi ta lalube, ashe akwai mutane a duniya da suka adana irin waɗannan manhajoji, sun mayar da su fayil na sauti. Na samo irin tasa sak na sauke a laftof. Abin da ya rage shi ne in sa sabuwar kwamfuta ta karanta wa tsohuwar, ta siririn kebul daga ramin abin sauraro zuwa ramin da kaset yake shiga.

A baki abin da sauƙi. Na ƙure sauti, tsohuwar ta ƙi karɓa. Na rage, ta yi kamar ba da ita ake ba. Ashe laftof ɗin yana da wata dabara ta gyara murya don ta yi daɗi a kunne, gyaran nan kuwa shi yake ɓata mata karatun, sai da na nemo shi na kashe. Mijina ya leƙo ya ce, "Malama, wannan abin ko 'yan gwangwan sai sun yi miki alfarma za su ɗauka." Na ce ya ja mini ƙofa. Kwanaki na yi ina dawowa daga makaranta in zauna a kan wannan aiki, Baba yana kallona, tsuwar nan ta yarintata tana cika ɗakin.

Ranar Asabar da hantsi ta fara karɓa. Layuka suka riƙa rawa a gefen talabijin yadda na san suna yi a da. An kusa gamawa sai laftof ya yi ƙarar shigowar saƙo, tsohuwar ta haɗiye ƙarar tare da karatun, komai ya rushe. Saƙon Yaya ne, wai ya wuce gada. Na kashe intanet ɗin gaba ɗaya na koma farko. Ina cikin haka ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ɗauki jakar kayan da ya sa a haɗa.

"Safiya, kashe abin nan mu kama hanya kafin rana ta yi."

Na tashi na tsaya a bakin ƙofa. Ban taɓa yi wa Yaya haka ba. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, amma babu mai fita daga ɗakin nan sai ta gama. Idan za ka ɗauke shi, sai dai ka fara ɗauke ni." Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai tsuwar ta tsaya cak, talabijin ya yi fari, ga 'yar alamar rubutu tana ƙiftawa a sama.

Na ɗora wa Baba ita a cinya. Yatsa ɗaya ya sa, yana nemo harafi, ya danna, ya huta. Madannan masu tauri ne, rawar hannunsa ba ta dame su ba. Ni na riga na san abin da zai rubuta, har na shirya kallon da zan yi wa Yaya. Haruffa suka fito manya-manya:

ZAN JE KANO.

 Bai tsaya ba, ya ci gaba a hankali:

SAFIYA TA GAJI.

Na toshe bakina da mayafi. Yaya ya sauke ajiyar zuciya ya gyara riƙon jakar, ya ce, "To Alhamdu lillahi, Baba, mu tafi ke nan." Baba ya ɗaga ido ya yi masa irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya amsa tambaya ba a kira shi ba. Ya mayar da yatsa:

AJIYE JAKAR. SAI RANAR DA NA CE.

Yaya Habibu, da furfurarsa da muƙaminsa, ya ajiye jakar nan a hankali ya zauna a ƙasa. Ya ce, "To, Baba." Ran nan shi kaɗai ya koma Kano.

Muna yara mun ɗauka haƙuri Iya take koya mana da labarin mai gishiri, malaman makaranta ma da haka za su fassara shi. Yanzu na san ba haƙuri ba ne, taurin kai ne, irin wanda ake yi a madadin wanda aka daina tambaya. Abin da ban sani ba sai da ya same ni shi ne, idan ka tsaya wa mutum har ya samu bakin magana, ba naka zai faɗa ba, nasa zai faɗa. Na so Baba ya zauna kusa da ni, na yi faɗa da ɗan'uwana a kan haka, shi kuma ya zaɓi tafiya saboda tausayina. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ko gobe aka sake zan tare ƙofar nan.

Bayan an yi girbi ya rubuta ranar da kansa, ya rubuta wanda za a ba makullin gidan, da wanda bai yarda a ba ba. Da motar ta zo, gaba ya nuna zai zauna, aka kwantar masa da kujera. Ni na rufe masa ƙofar.